Bindigar farautar dila a cikin ƙanƙara: ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Wani ƙanena da aiki ya kawo jihar Dakota ta Arewa, a nan Amurka, ya tare ni bayan sallar Juma'a da hoton wata bindiga a wayarsa. Fara ce sol, an zana mata siraran rassan itace baƙaƙe tun daga ƙota har bakin bututu. Ya ce, "Yaya, wannan nake so. Dubi yadda za ta ɓace a cikin ƙanƙara." Na tambaye shi wane harsashi take ci. Ya ce bai duba ba. Na tambayi nauyin kunamarta, ya yi dariya ya ce ai kunama kunama ce. Kuɗin da ya ware gaba ɗaya, da bindiga da madubin saiti da harsasai, dala 900 ne. Wannan rubutun shi ne amsar da ban samu damar ba shi a ƙofar masallaci ba, don sanyin ranar bai bar mu mun tsaya ba.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce koyote, wadda mu Hausawan nan muke kira dila kawai, don kamarsu ɗaya da namu na gida, har wayon. Wanda ya ce dila malamin daji ne, da ya zo nan da ya ƙara masa rawani. Nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 23, na gabashin ƙasar sun fi na yamma girma. Ba don nama ake farautarsa ba. Makiyaya na neman a rage shi saboda 'yan raguna da maruƙa, wasu kuma fatar suke so, wadda ke cika ta yi laushi a Disamba da Janairu. Jihar Yuta ma a 2012 ta fara biyan ladan dala 50 kan kowane dila da aka kashe, don kare barewarta. Kasuwar fatar dai ta faɗi: babban gidan gwanjon fatu na Toronto ya durƙushe a 2019, sannan kamfanin Canada Goose, wanda ke sa gashin dila a wuyan rigunansa, ya sanar a 2021 cewa zai daina. Don haka duk wanda ya ce maka fata za ta mayar maka da kuɗin bindiga a hunturu ɗaya, lissafin dokin rano yake maka. Tare da dila akan haɗu da yanyawar nan ja da kuma kyanwar daji mai guntun wutsiya, kuma su suna da lokacin farautarsu da ƙa'idojinsu daban.

Kafin maganar ƙarfe, maganar takarda. A Amurka mai katin zama na dindindin yana iya sayen doguwar bindiga a shagon da ke da lasisi idan ya kai shekara 18, ya cike fom mai lamba 4473, aka kuma duba tarihinsa. Wanda ke kan bizar karatu ko ta aiki dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Yawancin jihohi kuma sai ka yi kwas ɗin koyon riƙe makami kafin su ba ka lasisin. Wannan duk maganar can ce. Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi ya ɗauke ta a matsayin labarin yadda ake yi a wata ƙasa, don irin waɗannan bindigogi ba abin da doka ta sakar wa kowa ba ne a gida.

Harsashi ake fara zaɓa, sannan bindigar da za ta ci shi. Nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa da salatif.

Biyu ne ke kan gaba, .223 Remington da .22-250 Remington. Faɗin harsashinsu ɗaya ne, har ma sau da yawa ƙwayar iri ɗaya ce ake ɗora wa duka biyun. Bambancin yana cikin yawan albarushin da ke bayanta. Ƙwaya mai nauyin giren 55, wato kusan giram uku da rabi, tana fita daga .223 da gudun ƙafa 3,240 a daƙiƙa, daga .22-250 kuma kusan ƙafa 3,680. In ka saita duka biyun su bugi tsakiya a yadi 200, a yadi 300 ta farko za ta sauka da kusan inci 7, ta biyu da kusan inci 5. A yadi 400 tazarar ta buɗe, kusan inci 21 da inci 16. Ƙirjin dila kuwa, in ka cire gashi, bai fi ƙaramin faranti ba. To a fili irin na yammacin Dakota ko gabashin Montana, inda bishiya ba ta da yawa, dila ya tsaya can nesa ya zauna kan gindinsa yana kallonka ya ƙi ƙarasowa, waɗannan inci biyun da ƙarancin kaucewa a iska suna da amfani. Shi ya sa tsofaffin maharban filin suke riƙe da .22-250 tun kafin Remington ta mayar da shi harsashin kasuwa a 1965, lokacin da mutane ke haɗa shi da hannu daga kwanson .250 Savage.

Amma ni ga mai dala 900, .223 nake cewa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Dalilin farko, yawancin dilolin da ke amsa kira, wato kukan zomo da maharbi ke kwaikwaya don ya jawo su, suna shigowa cikin yadi 200, inda bambancin bai kai a yi magana ba. Na biyu, kuma shi ne babba, harsashin .223 ɗan'uwan na soja ne mai lamba 5.56, don haka ana yin sa da yawan gaske, yana da araha, kuma ko a ƙaramin shagon ƙauye za ka same shi. Na .22-250 yakan kai ninki biyu a farashi in ka kwatanta da harsashin atisaye na .223. Sabon maharbi ba gudun harsashi ne ke ba shi matsala ba, rashin sabo ne. Wanda ya harba ɗari uku a fagen atisaye kafin ƙanƙara ta sauka zai fi wanda ya harba arba'in da bindiga mai gudu. Na uku, .22-250 yana cin maƙogwaron bututu da sauri saboda zafi, ko da yake mai farauta kaɗai zai yi shekaru kafin ya ga haka. Gargaɗi ɗaya: in an rubuta .223 a jikin bututu, kada ka zuba masa 5.56 na soja, matsinsa ya fi. In an rubuta 5.56, yana cin duka biyun.

Akwai .204 Ruger, wanda Hornady da Ruger suka fitar a 2004, mai wuce ƙafa 4,200 a daƙiƙa da ƙwayar giren 32. Daɗin harbi gare shi, ba ya dukan kafaɗa, kana ganin inda ya sauka ta cikin madubi, kuma yana tausaya wa fata. Sai dai iska na wasa da ƙwaya mara nauyi in tafiya ta yi nisa, babban dila kuma in ka same shi a ƙashin kafaɗa yana iya tashi ya tafi da rauni. Samun harsashinsa ma sai an zaga. Ƙaramin .17 HMR na yanyawa ne a kusa, ban yarda a nufi dila da shi ba. Shi kuwa .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, na mutumin da bindiga ɗaya zai iya saya ne, yana son barewa a Nuwamba, dila a Janairu. Yana kayar da dila nan take, amma ramin da yake bari a fata sai ka sa dunƙulen hannu. Haka 6.5 Creedmoor da ya cika shaguna yanzu. In ba ruwanka da fata, ba laifi. In kana son ta, ƙwaya mai bakin roba irin V-Max ta giren 50 ko 55 a .223 ita ce ke shiga ta tarwatse a ciki, ƙaramin rami ɗaya, ba ta fita ta ɗaya gefen.

Yanzu bindigogin. Duk waɗanda zan ambata masu sakata ne, wato bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya ka tura. Ana farautar dila sosai da AR-15, wadda ke ɗora harsashi na gaba da kanta bayan kowane harbi, don in biyu suka shigo tare harbi na biyu ba ya jira, amma mai kyau ta fi tsada, wasu jihohi sun ƙuntata ta, Kanada kuma ta haramta ta tun Mayun 2020. Mu bar ta.

Takara ta gaskiya tsakanin Savage Axis II ce da Ruger American Predator.

Savage Axis ita ce ta talaka, kuma ba zagi ba ne. Kamfanin da ke Westfield a jihar Masacusets yana ɗaura bututunsa da wani noti da ke ba shi damar daidaita tazarar harsashi daidai ba tare da tsadar aiki ba, kan sakatar kuma yana ɗan motsi ya zauna daidai a bayan harsashi. Waɗannan dabaru biyu ne suka sa bindigar da ake raina wa kallo take tara harbi wuri ɗaya kamar wadda ta ninka ta kuɗi. Abin lura shi ne lambar II. Ita ce ke da kunamar AccuTrigger, mai ɗan harshe a tsakiya, wadda za ka iya sassauta ta da kanka a gida. Tsohuwar Axis mara lamba kunamarta na da tauri, kuma kunama mai tauri da yatsa mai sanyi su ne ke jan bakin bindiga gefe a daidai lokacin da harsashi zai fita. 'Yan dalolin da ke tsakaninsu kada ka yi rowarsu. Inda Savage ta rage kuɗi shi ne ƙota. Roba ce mara nauyi, gabanta yana lanƙwasa in ka danna shi kan sanda, har ya taɓa bututu ya kautar da harbi. Sakatarta ma doguwa ce, tsayi ɗaya ga kowane harsashi, kuma hannunta na tashi sama sosai, digiri 90, ya matso kusa da madubi. Da hannu tsirara ba komai. Da safar hannu mai kauri sai ka ji yatsunka sun maƙale tsakanin hannun sakata da madubin. Akan sayar da ita haɗe da madubi mai girman 3-9x40, an riga an ɗaura. Zan dawo kan wannan madubin.

Ruger American ta fito a 2012, nau'in Predator kuma an yi shi ne da wannan farautar a zuciya. Bututunta ya ɗan fi kauri, ba ya saurin zafi kuma yana zama daram kan sanda, an yi wa bakinsa zare irin na noti don ɗaura abin rage ƙara, wanda shi kuma rajistarsa daban ce a gwamnatin tarayya. An dasa wasu ƙarafa biyu masu siffar V cikin ƙotar, jikin bindigar yana zaune a kansu, bututun bai taɓa komai ba. Kunamarta ana daidaita nauyin janta tsakanin fam 3 da 5. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sakatar: haƙora uku gare ta, hannunta digiri 70 kawai yake tashi, ya bar wa safar hannu wuri. A shago ba za ka ga darajar wannan ba. Za ka gan ta ranar da ka kuskure harbin farko, dila ya juya da gudu, kana neman tura na biyu da yatsun da ba ka ji. Akwai nau'in .223 da ke karɓar gidan harsashi irin na AR, mai araha da ake samu ko'ina. Makullin kariyarta yana bayan sakata, daidai inda babban yatsa ke sauka, haka ma na Axis. A ƙarshen 2023 aka fitar da zubi na biyu, mai fentin Cerakote a ƙarfe, da makulli mai matsayi uku da ke kulle sakatar kada reshe ya ɗaga ta kana tafiya, da ƙota mai ɗan ƙarfi. Ta fi tsada. In ka samu zubin farko a ragi, bututun da kunamar ba su da wani aibi. Ƙotar zubin farkon ita ma roba ce mai lanƙwasa, sakatar kuma tana ƙarar zuu in tana sabuwa, sai an yi ta aiki da ita take laushi.

In an sa ni a tsakiya: wajen tara harbi, kusan kunnen doki ne, wani lokaci ma bambancin bindiga biyu na kamfani ɗaya ya fi bambancin kamfanonin. Wajen aiki cikin sanyi da safar hannu, Ruger ta yi gaba. Wajen farashi, Savage ta yi gaba, sau da yawa da abin da ya haura dala 100, kuma wannan kuɗi ne da zai iya komawa kan madubi.

Mossberg Patriot Predator ita ce ta fi kusa da abin da ƙanena ke nema da ido. Tana zuwa da zanen ɓad-da-kama na TrueTimber Strata a ƙota, da ƙarfe mai fentin ruwan ƙasa mara ƙyalli, da bututu mai zare a baki, kunamarta kuma ana sauke ta har fam 2. A kuɗinta, kayan da aka jera mata sun yi yawa. Sakatarta tana da ɗan sako-sako in an ja ta baya, gidan harsashinta roba ne mara nauyi, kuma zanen na ciyawa da ƙasa ne, ba na ƙanƙara ba. Ga mai farauta a Kansas ko Nebraska inda ƙanƙara ke zuwa ta narke, ya dace.

Howa 1500 daban take. A Japan ake ƙera ta, kuma jikinta ne Weatherby ke amfani da shi a bindigarta Vanguard. Ƙarfe ne na gaske, an yi shi irin na da, da makulli mai matsayi uku da kunama mai hawa biyu, ka ja ka ji ta tsaya, ka ƙara kaɗan ta tashi. Wannan hawa biyun alheri ne ga yatsa mai sanyi, don yana gaya maka inda kake. Nau'in da ke da ƙotar Hogue mai laushin roba ba ya zamewa a hannu. Farashin wannan duka shi ne nauyi, tana kai kilo uku da rabi kafin a ɗora madubi, sauran kuwa kusan kilo uku suke. Farautar dila tafiya ce: ka bar mota nesa, ka taka cikin ƙanƙara har gwiwa, ka zauna minti ashirin kana kira, ka tashi ka koma, ka sake wani wurin, sau takwas ko goma a yini. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Rabin kilo da safe ba komai ba ne, da la'asar sai ka san da shi. Amma da za a ce in zaɓi wadda zan bar wa ɗana cikin waɗannan, Howa ce.

Tikka T3x ta Finlan, wadda kamfanin Sako ke yi, ta fi su duka santsin sakata, kuma mutanen da suka san sanyi ne suka ƙera ta. Sai dai ita kaɗai za ta cinye kusan duk dala 900 ɗin, ta bar ka ba madubi. Winchester XPR da Remington 783 suna nan a wannan layin farashi, ba su da laifi, amma ban ga abin da suka fi waɗancan da shi ba a wannan aikin.

Sai maganar da ta kawo mu, launi.

Idon dila ba irin namu ba ne. Kamar kare, launuka biyu yake rarrabewa sosai, wajen shuɗi da wajen rawaya, ja da ruwan lemo ba sa yi masa tsawa kamar yadda suke mana. Abin da yake kamawa nan take uku ne: motsi, ƙyalli, da baƙin abu dunƙule a kan farin fili. Sama da duka kuma hanci. Dilan da ya ji kukan zomo daga na'urar kiranka ba ya zuwa kai tsaye, sai ya zaga ta inda iska ke kai masa wari. In ka zauna iska na kaɗawa daga bayanka zuwa inda zai ɓullo, ko da farar bindigar aljanna ka zo ba za ka gan shi ba. Ya riga ya shinshino ka tun yana yadi 400, ya koma.

To ina amfanin ɓad-da-kama a jikin bindiga? Yana da shi, amma ƙarami ne, kuma ba a inda kamfanoni ke sa shi ba. Yawancin bindigogi masu araha da ake kira masu ɓad-da-kama, ƙotar kawai ake tsomawa cikin ruwan zane. Ƙota kuwa rabinta na cikin kafaɗarka da hannunka. Abin da ke miƙe a fili, yana motsi in ka juya, shi ne bututu da madubi, su kuma baƙaƙe aka bar su. Ka biya ƙarin kuɗi an ɓoye abin da dama a ɓoye yake. Sannan zanen da ya fi yawa a shaguna, irin na Realtree da Mossy Oak, an yi shi ne don dajin kaka, ganye da ɓawon itace. Daga nesa a kan ƙanƙara duk wannan zane yana haɗewa ya zama duhu ɗaya, ba shi da maraba da baƙar ƙota. Masu farin zane na ainihi suna fitowa jefi-jefi, kuma in ka same su sau da yawa ba a harsashin da kake so ba. Nan ne mutum ke sayen .243 alhali .223 yake buƙata, don kawai ita ce fara.

Fari fat ma ba kullum yake daidai ba. Hunturun filin nan ba takarda ba ce. Akwai kututturen masara da aka girbe, da busasshiyar ciyawar bakin fadama, da layin shingen waya, kuma a jikin irin waɗannan ake zama, don su karya siffar mutum. A Disamba ƙasa fara ce, a ƙarshen Fabrairu, lokacin da diloli ke barbara suna amsa kukan junansu, rabin fili ya koma ruwan ƙasa. Bindigar da aka yi wa farin fenti na dindindin ta zama fitila a lokacin.

Maganin yana shagon kayan dabbobi. Akwai wani bandeji da ake naɗe ƙafar doki da shi, yana manne wa kansa ba ya manne wa ƙarfe, ba ya barin danƙo. Fari guda biyu, 'yan daloli kaɗan. Ka naɗe bututu da gaban ƙota da jikin madubi, ka bar ratsin baƙi nan da can kada ya zama farar sanda miƙaƙƙiya, ka kauce wa sakata da makulli da maɓallan madubi. Yana kashe ƙyalli, yana hana ƙarfe ƙona maka hannu da sanyi, in ƙanƙara ta narke ka warware. Sharuɗɗa biyu ne. Kada ka ɗaure bututu da ƙota tare da ƙarfi, don an bar tazara tsakaninsu da gangan, kuma bayan ka naɗe ka koma fage ka tabbatar saiti bai motsa ba. Sannan in ya jiƙe ka cire shi a ranar, in ba haka ba tsatsa na cin ƙarfe a ƙarƙashinsa kai ba ka sani ba. A nan ne fentin Cerakote ko bututun ƙarfe mara tsatsa ya cancanci ƙarin kuɗi fiye da kowane zane.

Sanyi kansa yana da nasa hukunci kan bindiga, kuma bai san sunan kamfani ba. Hunturuna na biyu a nan, wata safiya da awon sanyi ya sauka ƙasa da 25 a ƙarƙashin sifili, dila ya shigo mini har yadi 80 ya tsaya ya ba ni gefe. Na ja kunama, sai na ji ƙas, a hankali kamar an taɓa cokali. Allurar da ke dukan bayan harsashi ta tafi amma ba ƙarfi. Laifina ne: ban taɓa buɗe sakatar na wanke giris ɗin da ke ciki ba, na ma ƙara mata mai don ina ganin gata nake mata, sanyi ya mayar da shi kamar man shanu a firji. Tun ranar, kafin hunturu nakan warware sakata in wanke ta tas, in bar cikinta a bushe ko da ɗan abin shafawa mara daskarewa. Wanda zai sayi bindigar hunturu ya tambayi mai shago ya nuna masa yadda ake buɗe sakatarta. Haka kuma in ka shigo da bindiga mai sanyi ɗaki mai ɗumi, sai ta yi gumi ciki da waje. In ka fitar da ita gobe ba ta bushe ba, gumin ya zama ƙanƙara a cikin kunama. Ko ka bar ta cikin jakarta a rufe ta ɗumama a hankali, ko ka goge ta ta bushe sarai. Bakin bututu kuma a liƙa masa ɗan salatif na lantarki. In ka faɗi, kuma za ka faɗi, ƙanƙara ba za ta toshe shi ba. Iskar da ke gaban harsashi ce ke fasa salatif ɗin, ba ya taɓa saiti, amma bututun da ƙanƙara ta toshe yana iya fashewa a fuskarka. Saitin da ka yi a Satumba ma ka sake duba shi a Janairu, albarushi mai sanyi ba ya tura ƙwaya kamar mai ɗumi.

Ka je shago da safar hannun da za ka sa a daji. Ka sa yatsa cikin zoben kunama ka ga ko akwai wuri, ka tura makulli, ka cire gidan harsashi ka mayar. Ka sa babbar rigar sanyinka ka ɗora bindigar a kafaɗa, don kaurin riga yana ƙara tsayin ƙota, ya nisanta idonka da madubi. Mai shago ba zai yi mamaki ba, ya saba gani.

Madubi kuwa, nan ne nake son kuɗin da aka tsira da su daga zane su sauka. Dila na motsi ne da asuba da kuma bayan faɗuwar rana, lokacin da madubin da ake haɗowa da bindiga kyauta yake zama kamar kana leƙe ta cikin kwalbar da aka sha kunu. Yana iya kai ka hunturu ɗaya, amma shi ne abin da za ka fara canzawa. Madubi mai 3-9 ko 4-12 daga layin araha na Vortex ko Leupold ko Burris, wanda aka cika da iskar da ke hana hazo a ciki, ya wadatar. Kada ka bi mai girman 24. Ka bar shi a mafi ƙanƙantar lamba kana zaune, don dilan da zai ɓullo a yadi 30 da gudu ya fi yawa, kuma in ya tsaya nesa kana da lokacin ƙarawa. Ka koyi fitar da numfashi gefe, huci ɗaya a kan gilashin ya isa ya daskare ya rufe maka ido. Akwai wani dalilin da ya fi waɗannan nauyi. A arewacin Minesota da Wiskonsin da Mishigan akwai kerkeci, kuma yana ƙarƙashin kariyar dokar tarayya tun hukuncin kotu na Fabrairun 2022. Matashin kerkeci da babban dila a hasken asuba suna kama, ga kuma karnukan gonaki da ke yawo. Madubin kirki ne ke nuna maka faɗin kai da tsayin ƙafa kafin ka taɓa kunama.

Ga yadda na raba wa ƙanena kuɗinsa a bayan wata takardar sanarwa da muka tsinta a mota. Kusan rabi ga bindiga, Ruger in ya samu zubin farko a ragi, in bai samu ba Axis II mara madubi, a .223, kowane launi ya tarar. Kusan dala 200 ga madubi, da ƙarin abin da za a ɗaura shi da shi, na ƙarfe mai kyau. Sauran ga harsasai, da sandunan ɗora bindiga masu tsayin zama, da bandeji fari biyu, da ɗan usur na baki mai kukan zomo, don na'urar kira irin ta FoxPro sai baɗi. Farar riga ta sama kuwa, na ce ya nemi babbar rigar masu fenti ko tsohon zanen gado.

Ya duba takardar ya ce, "Yaya, to ita farar fa?" Na ce ya buɗe hoton ya karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa. Ya matso da shi ya karanta: .308 Winchester. Harsashin barewa da beyar ne, in ya sami dila sai dai a tattara fatar da tsintsiya.

Mako biyu bayan haka ya turo mini wani hoton. Koriyar Ruger ce a kan teburin kicin, an naɗe ta da farin bandeji har ta yi kama da ƙafar da aka ɗaure a asibitin ƙashi. Ya naɗe har da hannun sakata. Na kira shi na ce ya warware wannan wurin, kuma Asabar in Allah ya kai mu ya same ni a fage da harsashi sittin.